Baba Irmiya da Duwatsun Burtali

Injin niƙan Baba Irmiya ba ya tashi da wuri, duk matan unguwarmu kuma sun san dalili. Tsakanin gidansa da rumfar injin, nan bakin hanyar Rijau, ba wata tafiya ba ce. Amma Baba ba ya wuce ƙofa bai yi sallama ba. Zai tsaya wurin masu fitowa daga masallaci ya tambayi kwanan iyali, ya leƙa wurin mai shayi, ya rusuna gaban tsohuwar da ke sayar da ƙuli-ƙuli ya tambaye ta ya ƙafa. Mu kuwa muna can zaune kusa da kwanonin dawa da masara muna hararar hanya. In ya iso sai ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da gaisuwa, sannan ya ɗaura ƙyalle a hanci ya ja igiyar injin. Na sha ce masa, "Baba, gaisuwarka za ta sa a kwana da yunwa a gidana." Sai ya yi dariya ya ce tuwo ba ya gudu.

Wanda ya gan shi da tsakar rana, gari ya yi masa fari fat har gira, ba zai taɓa cewa wannan ne mutumin da ya yi kusan shekara ashirin yana ƙetare iyaka da 'ya'yan mutane ba. Duk dogon hutun damina, yakan tattara matasan ikilisiyarmu ta nan Kontagora da na ƙananan majami'u na wajen Rijau da Beri, ya kai su ƙasar Benin aikin bishara na ɗan lokaci, ya dawo da su. Ba fasto ba ne, ba a taɓa biyansa ba. Lahadin da ta wuce ya ajiye aikin saboda gwiwoyinsa sun ƙi. An kira shi gaba, aka yi masa addu'a, aka tafa, aka wuce zuwa sanarwar gyaran rufi. Sanarwar ta fi sallamar tasa tsawo. Abin ya ƙona mini rai, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Ban taɓa bin su ba, don haka abin da zan faɗa daga bakin mutum biyu na ji shi. Ta farko Happiness ce, 'yar ƙanena, wadda ta bi shi tun tana makarantar sakandare. Na biyu Malam Jumare, Bafulatanin Bobi, direban bas ɗin da ke kai su tun farkon fari. Musulmi ne mai riƙo da salla. Ya gaya mini in lokacin salla ya yi a hanya, kafin ma ya taka birki Baba ya riga ya ɗaga hannu, waƙar da matasa ke rerawa ta tsaya, ba mai sake buɗe baki sai ya idar ya shigo mota.

Tsarin Baba ba irin wanda muka saba gani ba ne. Mun san masu zuwa da lasifika, su cika gari da ƙara, a ɗauki hoto, su kama gabansu. Shi fartanya yake fara lodawa a mota. In sun isa ƙauye, sai ya gaida mai gari, ya gaida liman, ya taka har ruga ya gaida arɗo. Daga nan a yi gayya a gonar duk wanda ƙarfinsa ya gaza, ba a tambayar addininsa. Wa'azi yana zuwa daga baya, in masu gari sun ba da fili. Matasa kan yi gunaguni, su ce sun zo ceton rayuka an maishe su 'yan ƙwadago. Ba ya musu da su, sai dai ya miƙa wa mai gunagunin fartanya.

Shekarar da nake son ba da labarinta, wani ƙauye suka je can bayan Segbana. Ba zan faɗi sunansa ba. Gida ɗaya ne tak na masu bin Almasihu a garin, gidan Mama Cecilia. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara ƙanana da gona. Ita ba 'yar garin ba ce, aure ya kawo ta, 'yan'uwan mijin kuma sun daɗe da sa wa gonar ido. Mai gari ne ya tsaya mata ya ce a bar ta ta reni marayunta. Zamanta a gidan nan da alfarmar mai gari yake tafiya, kuma ita ce ta roƙe shi ya bari baƙi su sauka wurinta.

Matasan shekarar sun yi shiri ba na wasa ba. Watanni suka yi suna koyon waƙoƙi da wasan kwaikwayo, suka yi aron majigi da janareto. Shugabansu Joshua ne, ɗalibi mai zuciyar kirki da zafin nama, irin wanda in ka ce ya ɗebo ruwa sai ya nemi haƙa rijiya. Mai gari ya ce su huta, su yi gayyarsu, ranar kasuwa zai ba su dandali.

Da safen da abin ya faru, Baba da Malam Jumare sun tafi gari don sanar da jandarmomi, 'yan sandan can, zuwansu, kamar yadda ake yi kowace shekara. Ya bar matasa suna nome gonar Mama Cecilia, ita kuma tana gida tana dafa abincin gayya. Kafin rana ta take sun gama. Sai Joshua ya hango wani dogon fili a gefen gonar, ciyawa ta rufe shi, ga kashin shanu ko'ina. Ya ce ga ƙasa mai taki tana zaman banza, gwauruwa kuma na fama da 'yar gona. Suka faɗa wa filin. Akwai manyan duwatsu jere a gefensa biyu suna hana fartanya tafiya, sai suka ciccire su. Da ma sun lura rumbun Mama Cecilia ya karkata, don haka suka kwashi duwatsun zuwa gida suka tokare shi da su. Ita ta ɗauka daga rafi suka ɗebo, har albarka ta sa musu. Suka koma suka yi huɗa, suka shuka wake, suna waƙa.

Burtali suka nome, hanyar da manoma suka bar wa shanu su bi zuwa ruwa. A wajenmu da shingen bini-da-zugu ko turaku ake gane shi. Su a can duwatsu suke jerawa. Garken ya ɗan jima a wajen tudu, ruwan sama ya shafe sawu, ciyawa ta tashi. Baƙo kuwa, ko da idonsa, makaho ne.

Da la'asar shanu suka sauko. Makiyaya suka tarar da shuka a inda suka san hanya, babu dutse ko ɗaya. Garin juya garken, shanu suka kutsa cikin masarar wani maƙwabci suka tattake ta. Kafin motar Malam Jumare ta dawo, gari ya haɗu a ƙofar mai gari. Fulani suna cewa an kawo baƙi ne da gangan a cinye musu hanya. Mai masara yana neman wanda zai kama. Matasanmu suna tsaye gefe guda. Mama Cecilia tana durƙushe a tsakiya, wan mijinta kuma yana tsaye a kanta.

Happiness ta ce ba za ta manta maganarsa ba. Cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, mun faɗa tun farko. Ita ta kira su. Motar da ta kawo su tana da wuri, ta kwashi 'ya'yanta ta bi baƙinta." Ba wanda ya ce a'a. Mai gari ma ya sunkuyar da kai.

A nan ne Baba ya sauko daga mota. Malam Jumare ya ce ya zaci zai fara tambayar wa ya yi, ko ya daka wa yaran tsawa don a ga ya yi wani abu. Bai ko dubi inda suke ba. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya cire hula, ya zo ya zauna a ƙasa kusa da matar. Ya gaida mai gari, ya gaida arɗo, ya gaida mai masara, har wan mijin sai da ya gaishe shi. Sannan ya yi magana.

"Ranka ya daɗe, matar nan ba ta san komai ba, tana bakin murhu. Yaran nan kuma ni na ɗebo su daga gidajen iyayensu, ni na kawo su, ni na tafi na bar su ba mai nuna musu iyaka. Laifin nawa ne. In kora ce, ni za a kora."

Arɗo ya amsa da Fulatanci, Malam Jumare yana fassarawa. Ya ce huɗa ba komai ba ce, ana baje ta. Duwatsun fa? Iyayensu da iyayen manoma ne suka jera su bayan wani faɗa da aka zubar da jini, kowane dutse da rantsuwa aka ajiye shi. Yanzu wa zai ce ga mazaunin wannan, ga na wancan? In aka matsa ciki, an cuci shanu. In aka matsa waje, an cuci gona. Ko ta ina aka kuskure, tsohon faɗan ne zai tashi.

Baba ya ce, "Arɗo, gaskiyarka. To dattawanku da dattawan manoma su taka tare su nuna. Mu namu ɗauka ne. Duk inda suka yarda, nan za mu ajiye. Ba za mu bar garin nan ba sai dutsen ƙarshe ya zauna."

Da mai gari ya ɗago sai ya ce ya ji, matar za ta zauna in an gyara. Amma dandalin da ya yi alkawari babu shi. Ba wa'azi, ba waƙa, ba majigi, ba shiga gida-gida. In za su yi addu'arsu, su yi a cikin ɗaki. Bakinsu a rufe har su tafi. Ya dubi Baba ya ce, "Ka yarda?"

"Na yarda, ranka ya daɗe. Na gode."

Suna komawa masauki Joshua ya tare shi, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Baba, ni na yi laifi, a hukunta ni. Amma me muka zo yi? Ya za ka sayar da bakinmu? Manzanni ma an hana su magana, ba su yi shiru ba."

Baba ya dafa kafaɗarsa. "Ɗana, su saboda sunan Yesu aka hana su. Mu saboda mun toshe wa shanu hanya. Kada ka haɗa. Mu raɓa ne a garin nan, rana na fitowa mun tafi. Ita za ta kwana da duk abin da muka bari. In muka yi wa'azi mai daɗi aka kore ta, wace bishara ke nan muka kawo mata?" Joshua ya juya. Ya shiga mota ya rufe majigin da tabarma da hannunsa.

Sauran kwanakin tafiyar duk a kan duwatsu suka ƙare. Sai da aka fara sare itace aka tokare rumbun, sannan aka zaro duwatsun daga ƙarƙashinsa. Dattawan Fulani da na manoma suna gaba suna gardama, matasa suna biye da kaya a ka. A ajiye dutse, wani tsoho ya ce a'a, gaba kaɗan, daidai inda tsohuwar ɗorawa take a da. A ɗaga. Wani ya ce an zarce. A sake ɗagawa. Dutse ɗaya yakan yi yawo har sai wuyan mai ɗauka ya sage. Ga ruwan sama, ga taɓo mai kama ƙafa. In dattawa sun gaji sun tafi hutawa, Baba ya kai yaran gonar mai masara su gyara abin da zai gyaru, su shuka masa wake inda ya lalace.

Shi kansa bai tsaya nuni da yatsa ba. Ya naɗa gammo da tsohuwar rigarsa, ya zaɓi manyan, mutum mai jikoki. Happiness ta ce sun roƙe shi har da kuka ya bari. Ya ce shi ya ce laifinsa ne a gaban mutane, ba zai bari a ga kamar faɗa kawai ya yi ba. Ta ga ya zame ya faɗi a kan gwiwa da dutse a kansa, ya ƙi sakin dutsen, ya miƙe ya ci gaba. Daga wannan tafiyar ne ya fara ɗingishi.

Malam Jumare aikinsa tuƙi ne, ba wanda ya sa shi. A rana ta biyu ya tuɓe babbar riga ya shiga layi. Da na tambaye shi dalili sai ya ce, "Mama, ni ɗan makiyaya ne, na san abin da burtali yake. Na sha ganin an kashe mutum a kan abin da bai kai wannan ba. Ban taɓa ganin wanda ya zo daga wata ƙasa da maganar da yake son faɗa, aka ce ya haɗiye ta, ya haɗiye, ya kuma ɗauki dutse yana gaida mutane ba. Kunya ce ta hana ni zama a mota."

Abin da ya fi girgiza ni shi ne wannan. Ana cikin aikin, wata matar Fulani da ke kawo musu nono ta ja Happiness gefe, ta tambaye ta wane irin addini ne wannan da ke sa tsoho ɗaukar dutse saboda matar da ba danginsa ba. Tambayar da suka ƙetare ƙasa don a yi musu ke nan. Happiness ta ruga wurin Baba tana murna. Ya saurare ta, ya share zufa, ya ce, "Mun ba mai gari magana. Ki ce mata ta tambayi Mama Cecilia bayan mun tafi." Ni da nake jin labarin a zaune a ɗakina sai da tsigar jikina ta tashi. Na san kaina, da ni ce da na ce ai Allah ne ya buɗe ƙofa, na manta da wani mai gari.

Ranar da dutsen ƙarshe ya zauna, arɗo da mai gari suka taka burtalin daga farko har bakin rafi, aka koro shanu suka bi ba tare da sun taɓa ganye ɗaya ba. Mai gari ya faɗa a gaban kowa cewa maganar korar matar ta mutu. Bai ce su dawo baɗi ba, Baba kuma bai roƙa ba. Suka loda majigin da ba a kunna ba suka kamo hanyar gida.

A nan Kontagora ba a tare shi da tafi ba. Kwamitin bishara ya zauna, aka tambaye shi rayuka nawa aka samu. Ya ce bai sani ba, ba su yi wa'azi ba. Wasu suka ce tsoro ya ji. Wasu suka ce ya tsufa, a ba masu jini a jika. Bai ambaci sunan Joshua ba ko sau ɗaya, har aka tashi. Aka karɓe jagorancin aka ba wani, ya ce to, ya koma injinsa. Da hutu ya zagayo, iyaye suka ƙi sakin 'ya'yansu. Ƙanena ya faɗa a fili cewa in ba Irmiya ne a gaban motar ba, Happiness ba ta zuwa ko Yawuri. Da kansu 'yan kwamitin suka je rumfar injin, suka jira ya gama niƙan da ke gabansa. Sai daga baya, da Joshua ya tashi a taron matasa ya faɗi yadda aka yi, sannan mutane suka san abin da ya faru.

Baba Irmiya, na Fure, uban tafiya. Kai ne ka kai 'ya'yanmu ƙasar da ba su san harshenta ba, shekara da shekaru, ba ka taɓa dawo mana da ɗaya a rage ba. Kai ne ka ɗauki laifin yaro ka ɗora a kanka, ka bar shi ya girma da mutuncinsa, ga shi yau shi ake shirin miƙa wa aikin. Kai ne ka fi kowa son a ji sunan Ubangijinka a garin nan, aka ba ka zaɓi tsakanin bakinka da rufin gwauruwa, ka zaɓi rufinta. Ka je ƙauyuka da yawa bayan nan, ka yi wa'azi, an saurare ka. Wancan ƙauyen kuwa ba a sake kiranka ba, kuma na san abin yana maka ciwo, don matarka Mama Fure ta ce har yau kana sa shi a addu'a da suna. Ina jin nauyinka, Baba. Mun gode. Allah ya saka maka, ya sassauta maka gwiwoyin nan, ya ba Mama Fure ladan jiran da ta sha.

Ku kuma matasa da za ku hau motar bana, da ku iyaye masu sallamarsu, da duk mai zuwa garin wani da niyyar alheri ko wane addini yake bi, ku je rumfar injin nan ku zauna da shi tun yana da ƙarfin magana. Ku koyi tambaya kafin ku ɗaga abin da kuka tarar a ajiye. Ku koyi tuna wanda za ku bari a baya in motarku ta tashi.

Malam Jumare yana bin hanyar Segbana har yanzu da 'yan kasuwa, wani lokaci yakan ratsa ta ƙauyen. Makon jiya ina rumfar ya tsaya da motarsa, ya leƙo ta taga. Baba ya kashe injin, niƙan wata yana ciki bai gama ba, ya ɗingisa har bakin titi. Ashe haka yake yi duk dawowar Malam Jumare, tambaya ɗaya ce kuma tun shekarar nan.

"Tana nan?"

"Tana nan, Baba. Na same ta a ƙofar gidanta tana shanya barkono, babban ɗanta ne ke noman gonar yanzu."

Baba ya gyaɗa kai, ya share ido da ƙyallen hancinsa, ya koma ya ja igiyar injin.